Na sayo littafi 23 a baje kolin bara, huɗu kacal na karanta. Bana yaya zan yi?

Indo Mai Karatu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ci tura.

Saura mako uku a buɗe baje kolin littattafan da nake zuwa duk shekara, kuma kwana biyu kacal na samu a wurin aiki. Daren jiya na ce bari in duba kayan da na kwaso bara kafin in je in ƙaro wasu. Na sauko da su daga kanta, na jera a kan gado, na ƙirga: 23. Waɗanda na karanta har ƙarshe huɗu ne. Shida na fara na ajiye, kowanne da 'yar takarda a soke inda na tsaya, ɗaya ma a shafi na 11 takardar take, wato ko gabatarwa ban gama ba. Sauran 13 ban ko buɗa su ba. Uku suna nan cikin ledarsu yadda aka miƙo min su. Wallahi sai da na ji kunyar kaina, kamar wadda aka kama da kayan sata.

Abin haushin shi ne da niyya mai kyau na tafi. Sunayen littattafai biyar na rubuta a takarda, na ce su kaɗai zan saya. Ina shiga ƙofa ruwan ido ya kama ni. Rumfar farko na ga an rubuta rangwame da jan alƙalami, na ɗauki huɗu. Ta biyu wani saurayi mai zaƙin baki ya ce min wani tarihi mai juzu'i uku saura wannan kaɗai a duk filin, na karɓa ba tare da na ko taya ba, daga baya na ga irinsa jibge a wata rumfa can ciki. Kafin rana ta raba tsaka kuɗina sun kusa ƙarewa, hannun jakata ya tsinke, na koma rungumarta kamar jaririya. Cikin biyar ɗin da na rubuto kuwa biyu kawai na samu, domin lokacin da na isa rumfunan da sauran ukun suke aljihu ya riga ya yi sanyi.

To ga inda labarin ya juya. Gajiya ce ta kai ni zauren da ake karatu, ba sha'awa ba. Kujera kawai nake nema. Na tarar da wata dattijuwa tana karanta gajeren labari daga littafinta, mu wajen talatin ne a ciki, rabi ma waya suke latsawa. Abin maganar da aka ba ta sai ƙara yake yi yana yankewa, ta gaji ta ajiye shi a kan tebur, ta ce mu matso kusa. Muka ja kujeru. Ta ci gaba da muryarta kawai, ƙasa-ƙasa. Labarin wata yarinya ne da take goge tabarau ɗin mahaifinta kowace safiya bayan ya rasu, ta mayar da shi inda ya saba ajiyewa. Da ta zo inda uwar ta shigo ɗakin ta tarar da yarinyar, sai ta ɗago kai ta dube mu, ta rufe littafin, ta ce sauran yana ciki. Zauren ya yi tsit. Na tashi da jakata a rungume na je na ƙirga ɗan canjin da ya rage min na saya. A dare biyu na cinye shi, kuma tun daga lokacin na maimaita shi sau biyu.

Da na duba huɗun da na karanta sai na ga biyu na cikin takardata ne, ɗaya na dattijuwar nan, ɗaya kuma wani siririn littafin waƙoƙi da na gama a mota kafin in isa gida. Duk tarin da jan alƙalami ya sa na saya, ko ɗaya bai shiga ba.

Shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar. Kwana biyun nan, in ba rumfuna ko in ba zauren karatu? Ranar farko ake saye ko ta ƙarshe, tunda kowa cewa yake ranar rufewa kaya sun fi sauƙi? Sannan akwai wani abu da ya ƙona min rai: ɗaya daga cikin shidan da na fara ba laifina ba ne na ajiye shi. Ina kaiwa shafi na 112 sai na ga na 97 ya sake dawowa, aka maimaita har 112, daga nan sai 129. Shafi 16 sun yi ɓatan dabo, ana tsakiyar rigima. Ba ni da rasit, ban ma tuna rumfar ba. Yaya ake gane irin wannan tun a wurin? Na ƙarshe, kuma wannan ina jin nauyin tambayarsa: laifi ne mutum ya zauna ya saurari marubuci ya tashi bai sayi komai ba? Ni dai sai in ga kamar idonsa yana kaina.

Baba Mai Rumfa ya amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Kin ba ni dariya da maganar saurayi mai zaƙin baki, domin shekara 19 na yi ina tsaron rumfar wani kamfanin buga littattafai, kuma ba zan rantse ban taɓa cewa "saura wannan kaɗai" alhali akwai kwali biyu a ƙarƙashin tebur ba. Allah ya yafe mana.

Bari in fara da shafukanki da suka ɓata, don shi ne na fi sani. Ba shafi ɗaya-ɗaya ake buga littafi ba. Babbar takarda ake bugawa gaba da baya, a ninke ta, ta zama ɗauri guda mai shafi 16, wani lokaci 32. Sai a jera ɗaurin nan bi da bi, a ɗinke ko a manne da gam, a sa bango. Abin da ya same ki shi ne mai jerawa ya ɗauki ɗauri na bakwai sau biyu ya tsallake na takwas. Ki lissafa ki gani: 97 zuwa 112 shi ne na bakwai, 113 zuwa 128 na takwas. Wannan kuskuren yana faruwa har a manyan maɗaba'u, ba lallai jabu aka ba ki ba. Maganinsa minti ɗaya ne. Ki riƙe littafin da hannun hagu, ki sa babban yatsan dama a gefen takardun ki sake su a hankali, idonki a kan lambar shafi kawai. Idan lamba ta yi tsalle ko ta koma baya za ki gani. Idan a leda yake, ki biya, ki yage ledar a gabansu ki duba. Mai kayan kirki ba zai ɓata rai ba. Kuma duk da babu rasit, ki ɗauki naki ki tafi da shi bana. Ki duba sunan kamfanin da ya buga shi, ki nemi rumfarsu, ki buɗe musu shafi na 112. Mu dai a zamaninmu canja wa mutum muke yi, domin ɓarnar tamu ce, ba ta mai sayarwa ba.

Jabu kuwa daban yake. Masu satar fasaha hoton shafukan na asali suke ɗauka su sake bugawa, don haka rubutun yakan yi kauri ko ya yi dishi-dishi, hotuna su koma baƙi ƙirin ba a gane fuska, layi ya karkace, wani gefen shafi ya yi faɗi wani ya matse. Takardar takan yi shara-shara har ki hango rubutun baya. Ki buɗa tsakiyar littafin sosai ki saurara, idan gam ɗin ya yi ƙas ya tsage, wata uku ba zai yi ba zai fara zubar da ganye. Akwai lambar nan ta shaidar littafi da ake kira ISBN, da take bayan bango da kuma shafin haƙƙin mallaka. Tun 2007 lambobi 13 ne, suna farawa da 978 ko 979. Ki duba ta waje da ta ciki su zo ɗaya, in kina da intanet ki buga ta a waya ki ga ko sunan littafin zai fito. Amma kada ki dogara da ita ita kaɗai, domin ɓarawo da ita yake kwafewa. Babbar alama dai farashi ne. Sabon littafin da ake rububinsa, ki gan shi a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, a hannun wanda ba shi ya buga ba, to ki san akwai lauje cikin naɗi.

Maganar rangwame kuma ba duka ce yaudara ba. Kamfani idan ya ba kantin littattafai kaya yakan bar masa daga kashi ɗaya cikin uku har zuwa kusan rabin kuɗin bango. A baje koli kamfanin da kansa yake sayar miki, babu ɗan tsakiya, shi ya sa zai iya rage miki bai faɗi ba. Amma teburin nan na bakin ƙofa mai jan alƙalami, in gaya miki gaskiya, yawanci kwantai ne, kayan da suka shekara da shekaru a sito suna cin wuri. Da gangan muke sa shi a gaba. A ciki akan dace da abin kirki, ban hana ki dubawa ba, sai dai ki duba shi a kan hanyar fita.

Ranar farko ko ta ƙarshe? Ya danganta da abin da kike nema da kuma irin taron. Ba duk abin da ake kira baje kolin littattafai ba ne kasuwar mai karatu. Na Frankfurt a Jamus, wanda aka farfaɗo da shi a 1949, ake kuma yin sa kwana biyar duk watan Oktoba, kwanakinsa na farko na 'yan sana'a ne, masu cinikin haƙƙin fassara da bugawa, sai zuwa ƙarshen mako jama'a suke cika wurin. Na Bologna a Italiya, na littattafan yara, shi ma na 'yan sana'a ne. Amma na Alƙahira da aka fara a 1969, da na Sharja a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka fara a 1982, waɗannan kasuwa ce ta kowa da kowa, ana fin kwana goma ana yi, mutane har da akwati mai taya suke shiga. Naki, yadda kika kwatanta, irin na biyun ne. A irinsa, abin da kika san kina so, musamman na ƙananan kamfanoni da na waɗanda suka zo daga wata ƙasa, ki saye shi ranar farko. Ɗan abin da suka iya ɗaukowa ne, wani littafin kwafi goma kawai aka zo da shi, idan ya ƙare ya ƙare, kuma ba za ki same shi a kanti ba. Na manyan kamfanoni kuwa babu gaggawa. Ranar rufewa da yamma babu mai son sake cusa kaya a kwali ya biya kuɗin dako, a lokacin ne za ki taya a sallama miki.

Ni shawarata, zagayen farko ki yi shi hannu rabbana. Ki ba abokin tafiyarki kuɗin ya riƙe, ko ki tura su can ƙasan jaka. Duk abin da ya burge ki, ki ɗauki hoton bangonsa da lambar rumfar ki wuce. Bayan awa biyu ki zauna ki duba hotunan. Za ki sha mamaki, rabinsu ba za ki ma tuna abin da ya sa kika ɗauka ba.

Ɗan Kujerar Gaba ya amsa:

Yaya Indo, Baba ya gama da rumfuna, ni ɓangaren zaure zan taɓa, don can na fi ƙarewa. Ni akasinki ne, nakan wuni ina sauraro in koma gida da littafi ɗaya ko biyu.

Ai kin riga kin amsa tambayarki da kanki. Minti goma na muryar dattijuwar nan ya gaya miki abin da bayanin bayan bango ba zai taɓa gaya miki ba, domin shi wannan talla ce, sau da yawa ma ba marubucin ne ya rubuta ba. Sai dai kada ki ɗauka kullum haka ake dacewa. Na sha zama a gaban wanda littafinsa ya hana ni barci, ya zo yana karatu kamar ana binsa bashi, kai a sunkuye, yana haɗiye ƙarshen kalma. Na kuma taɓa sayen littafin wani mawaƙi da ya tayar mana da tsikar jiki a dandamali, na je gida na buɗe na ga babu komai a takardar, ashe duk daɗin a maƙogwaronsa yake. Tun daga ranar, ko wa ya burge ni, sai na je teburin na buɗe wani shafi daban da wanda ya karanta, na karanta shi a tsaye da idona. Ya karanta mana mafi kyawun wurin ne, wannan kowa ya sani. Ni so nake in ga yadda shafin da bai zaɓa ba yake.

Wajen zaɓen zama, ki nemi jadawalin tun kafin ranar ki yi masa alama, don sau da yawa abu biyu masu kyau sukan faɗo lokaci guda. Na lura zaman da aka jera mutum biyar ko shida a kan dandamali aka ba su awa ɗaya ba ya ƙosarwa. Kafin mai gabatarwa ya gama karanto tarihin kowa da lambobin yabonsa kashi ɗaya cikin uku na lokacin ya tafi. Wanda ya fi shi ne mutum ɗaya ko biyu, da mai tambayar da ya karanta littafin da gaske. Za ki gane wanda bai karanta ba daga tambayarsa ta farko: "Me ya ja hankalinka ka fara rubutu?" Idan kika ga zaman mafassara kuma kada ki wuce, ko da ba ki san sunansu ba. Su ne za su tsaya a kan kalma ɗaya su yi minti goma suna bayanin yadda ta ƙi ƙetarawa zuwa wani harshe, kuma ɗakin nasu bai cika cika ba, za ki samu kujera a gaba.

In ma sauraron ne ya fi miki daɗi, akwai tarukan da don shi aka kafa su, sayar da littafi biyo baya ne. Bikin Hay da ake yi a wani ɗan ƙaramin gari a yankin Wales tun 1988 haka yake, da na Jaipur a Indiya, da bikin Aké da aka fara a Abeokuta a 2013. Wasunsu suna ɗora zamansu a YouTube, kina iya kallon biyu ko uku kafin ki tafi don ki gane irin wanda yake shiga ranki.

Batun kunya kuwa, ki cire shi. Na taɓa tsayawa taimaka wa wani marubuci a teburin sa hannu, abin da yake tsoro ba mai tashi bai saya ba ne, kujerun da babu kowa ne. Ranar mutum bakwai ne suka zo masa, biyu daga ciki 'yan uwansa ne. Da kin shigo kin zauna kawai da ya gode miki har zuciya. Idan ma da tsohon kwafinki kika zo daga gida, wanda ya sha hannu, gefensa ya lanƙwashe, ki kai masa ya sa hannu, yawancinsu sun fi jin daɗin wannan. Wasu tarukan dai sukan ce sai wanda aka saya a wurin, don haka ki tambayi mai tsaron layin tukuna. Ki buɗe shafin da sunan littafin yake kafin layi ya zo kanki, ki rubuta sunanki a 'yar takarda ki miƙa tare. Ni an taɓa rubuta min sunan da ba nawa ba, da biro, yana nan har yau.

Roƙona ɗaya, Yaya, don girman Allah. Idan aka ba da damar tambaya, kada ki zama cikin masu cewa "tawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne." Akwai wani bawan Allah da nake haɗuwa da shi kusan a kowane taro, da zarar ya karɓi abin magana sai ya fara daga yadda ya yi firamare. Ranar nan minti tara na ƙirga masa a agogo, marubuciyar tana ta murmushin dole, wata yarinya a bayana hannunta a sama har aka tashi ba a zo kanta ba.

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Ni fa ban ga abin kunya a nan ba, Malama. Kun taru kuna yi wa littafi 13 shari'a kamar sun yi laifi. Shekara ɗaya ce fa kawai. Littafi ba ya ruɓewa. Ina da wani da na saya ina ɗalibi, kan tarihin taswira, ban san ma abin da ya kai ni ba. Shekara 11 yana kanta yana shan ƙura, na yi ƙaura da shi sau uku, matata ta sha cewa in bayar. Wata rashin lafiya ta kwantar da ni mako shida, na miƙa hannu shi ne ya fi kusa, na karanta shi daga bango zuwa bango, ban taɓa jin daɗin littafi kamarsa ba. Da na bi tsarin Baba na ɗaukar hoto a wuce, da ban mallake shi ba, kuma yanzu an daina buga shi.

Wanda ya tafi da takarda ya sayo abin da ke takardar kaɗai, abin da ya riga ya sani ya sayo. To me ya kai shi baje koli? Ya aika a sayo masa mana. Ni abin da zan ce ki ware wani kaso, ko kashi ɗaya cikin huɗu ne, ki ce wannan na ganin dama ne, ki kashe shi a kan abin da ba ki taɓa jin sunansa ba, kada kuma ki dawo kina tuhumar kanki. Amma juzu'i ukun nan dai an yi miki wayo, wannan babu musu.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

'Yar uwa, jakar baya mai hannu biyu, da takalmi marar tsini. Littafi 23 ya kusa kilo takwas ko tara, dole hannun jaka ya tsinke. Wasu wuraren suna da inda ake ajiyar kaya, wasu masu rumfar kuma za su riƙe miki abin da kika biya su rubuta sunanki a leda ki karɓa da yamma, ki dai ɗauki hoton rumfar.

In za ki da yara, ki ba kowa adadi, ba kuɗi ba. Nawa biyu-biyu nake ce musu. Bara ɗayan ya yi minti arba'in a tsugune gaban wata rumfa da littafi uku a cinya, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, har mai rumfar ya kawo masa kujera. Biyun da ya zaɓa ya haddace su. Ni da na ba kaina babu iyaka, kada ma a tambaye ni.

Baba Mai Rumfa ya sake amsawa:

Malam Tsohon Ɗalibi, ban ƙi taka ba, da irinku muka ci abinci shekara 19. Amma ka lura littafi ɗaya ka ba mu labari. Sauran da suke kusa da shi a kantar fa?

'Yata, na manta abu ɗaya. Maganar tayi ranar ƙarshe da na yi, ban da teburin marubucin da ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa. Za ki gane su, ɗan tebur ne, littafi iri ɗaya ko biyu, shi ne mai sayarwa shi ne mai ba da canji. Wanda kamfani ya buga wa ma abin da yake samu a kowane kwafi bai cika wuce kashi goma cikin ɗari ba, balle wannan da bashin maɗaba'a yake kansa. In kin ga zai yi miki, ki biya yadda ya faɗa. In bai yi ba, ki gaishe shi da kyau ki wuce.

Indo Mai Karatu ta dawo:

Kai, jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ina karanta bayaninka na tashi na ɗauko littafin nan na leƙa ta samansa, sai ga ɗaurin a jere kamar yadda ka ce, har ana iya ƙirga su da farce. Shekara nawa ina riƙe littafi ban taɓa lura ba. Na bi sauran 22 ɗin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, har na ledar na yage, duk lafiyarsu ƙalau. Mai ɓatan shafin na riga na sa shi a jaka, kuma na ga sunan kamfanin a jerin masu zuwa bana.

Jadawalin ya fito jiya da yamma. Dattijuwata tana ciki, rana ta biyu ƙarfe 11, za ta karanta daga wani sabo da ban ma san ya fito ba. Zan tafi da tsohon kwafina, duk da ruwa ya taɓa zuba a bangonsa ya kumbura. Ƙanena Ɗan Kujerar Gaba, na yi alkawari babu tsokaci. Tambaya ɗaya ce da ni, tun bara take cina: uwar nan da ta shigo ɗakin, ta daɗe da sanin abin da yarinyar take yi, ko ranar ta fara gani? Labarin bai faɗa ba, na duba sau uku.

Malam Tsohon Ɗalibi, ka ci rabin nasara. Wajen bin shafukan nan na tsaya a kan ɗaya daga cikin na ledar, wani labarin tafiya a jirgin ruwa da ban ma tuna na saya ba, sai da na kai shafi na 40 a tsaye kafin na tuna abin da nake yi. Juzu'i ukun kuwa na buɗe na farko na rufe. In akwai mai so a zauren nan ya yi magana, kyauta, amma shi zai zo ya ɗauka, ni na gama ɗaukarsu.

Saura matsala ɗaya. Zaman mafassaran da aka ce kada in wuce shi ma rana ta biyu ne, ƙarfe 11 da rabi, a wani zaure da yake can ƙarshen filin. Waɗanda suka saba, in na zauna a bakin ƙofa na zame bayan ta gama karatu, zan samu komawa layin sa hannu kafin ta tashi, ko dai in haƙura da ɗaya?